Ranar da Na Riƙe Kakanku a Ikko

Ku matso kusa, ku aje gyaɗar nan da kuke ɓarewa, ku ara mani kunnuwanku. Ba tatsuniya zan yi maku ba, don haka kada wanda ya amsa mani. Kai mai sunan Malam kakanku, kai da kake zuwa wurin Turawan auduga a Funtuwa kana kwaso Turanci kana zuba mana a tsakar gida, zauna nan gabana. Jiya ka ji na ce wa akuya "lego" da ta kama mani bakin zane, ka yi dariya har da riƙe ciki, kana tambaya ina tsohuwa ta samo shi. To yau za ka ji. Tun Nasara bai hau ƙasar nan ba na samo shi, tun ana cin kasuwa da kuɗin wuri.

Ni 'yar wanzami ce, kun sani. Ubana shi ke yi wa rabin Danja aski da ƙaho da cire belu. Ɗa namiji bai tsaya mashi ba, sai ya koya mani riƙo. In zai sa aska a jikin yaro, ni ke riƙe yaron. Abu biyu ya dasa mani a kai. Na farko ya ce, "Ba da ƙarfi ake riƙe mutum ba, da nauyi ake riƙe shi. Ki zauna bayansa, ƙirjinki a gadon bayansa, ki harɗe shi, haɓarki a kafaɗarsa." Na biyu ya ce, "Uwa ba ta riƙe ɗanta, mata ba ta riƙe mijinta. Da ya yi ƙara hannunta zai saki ba da saninta ba, aska ta zame. Jini ba ya riƙe jini."

Ku riƙe wannan ta biyun, za mu dawo kanta.

Shekarar da fara ta cinye mana dawa tun tana tsaye, kakanku ya sayar da sansa ya sayi jakuna biyu, ya ɗora masu saƙin Maska da kanwa, muka shiga ayarin fatake masu zuwa Ikko sayen goro. Ni aka tafi da ni don girki. Ubanku a lokacin an yaye shi ke nan, na bar shi wurin innata.

Har Zariya tafiya ce irin ta gida. Daga can ƙasa ta fara canza fuska. A ƙasar Nufe tsando ya kashe mana jaki ɗaya, muka raba kayansa a kanmu. A bakin Kwara masu jirgi suka kai mu tsakiyar ruwa suka aje sandunansu, suka ce ba su ƙara tuƙi sai kowa ya ba da turmin saƙi. Wa zai yi gardama da mai jirgi a tsakiyar ruwa? Muka ba su. A Ilori jaki na biyu ya kwanta bai tashi ba. Wata Bayarabiya mai sayar da agidi ta ga ina kuka a kan gawar jaki, ta zauna kusa da ni, ta ɓare ganye ta ba ni na ci. Ba ta ji ni ba, ban ji ta ba. Har yau ina sa ta a addu'a.

Daga Ilori aka shiga kurmi, inda rana ba ta taɓa ƙasa. A nan kakanku ya taka tsinin kututture da aka sare, ya shige mashi tafin ƙafar hagu. Na cire, na wanke da kanwa, na barbaɗa garin bagaruwa kamar yadda ubana ke yi. A Danja da sai ya warke kafin kasuwa ta zagayo. Amma can ƙasa ba ta bushewa, kuma kaya na kansa, ayari ba ya tsayawa. Da muka isa Ikko ƙafar ta yi kamar turmi.

Ikko gari ne da ruwa ya yi wa zobe. Ta gabas ruwa, ta yamma ruwa, kudu kuwa ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar. Aka sauke mu gidan wani fatoma, Bahaushe ɗan'uwanmu da ya daɗe can, shi ke saukar da baƙi yana sayar masu da kaya. Ya karɓi saƙinmu da fara'a. Da aka kwana biyu ya ce damshi ya ɓata shi, ba mai so. Ba mu ƙara ganin saƙi ba, sai dai na ga irinsa a jikin matansa.

Madugu ya gama ɗaure goronsa ya zo ya duba kakanku. Ya kalli ƙafar, ya kalli rufin ɗaki.

"Goro ba ya jiran majinyaci," ya ce. "Ku zauna. Rani mai zuwa in Allah ya kai mu zan biyo in ɗauke ku."

Na bi su har bakin ruwa ina kallon jiragen da suka ɗauke su. Duk wanda ya san sunan unguwarmu yana cikin jiragen nan.

Ku gane irin zaman da muka shiga. Miji ba ya iya taka ƙasa. Ni in na kama hanya ni kaɗai, kafin in kai Ilori an ɗaure ni an sayar, don ƙasar ana yaƙi kuma mace mai tafiya ita kaɗai kaya ce a wurin kowa. Bakin mutanen garin ban ji ba. Da ƙafar ta fara wari fatoma ya fitar da mu daga zaure ya kai mu rumfar awaki. Ruwan sama ba shi da lokaci, ya zo ya same mu. Nonona ya daɗe da ƙafewa, amma in na ji kukan yaro a maƙwabta sai in ji yana tsatstsafowa.

Wata rana ina ɗiban ruwa a rijiya, guga ta kuɓuce mani, na ce, "Kai, wannan gari!" Sai wani tsoho mai jar hula ya juyo.

"Ke 'yar ina ce?"

"Danja, Baba."

Ya aje sandarsa. Ya matso kusa da ni. Sa'an nan ya ce, "Har yanzu ana cin kasuwar Musawa?"

Mutumin Musawa ne. An kama shi yana yaro a gona, an sayar da shi hannu zuwa hannu har kudu, ya gudu ya shiga sojan Nasara, ya tsufa a ciki. Baba Saje ake ce mashi. Yanzu shi ke tsaron ƙofar asibitin Nasara, kuma shi ke yi wa Hausawa tafinta. Shi ya samo mutane suka ɗauki kakanku a kan ƙyauren ƙofa suka kai shi can.

Likitan Bature ne, saurayi, zazzaɓin ƙasar ya mai da shi rawaya kamar ɗorawa. Ya dubi ƙafar ya ce a yanke. Kakanku ya ce sai dai a yanke wuyansa. Likita bai yi musu ba, ya sa ana wankewa ana ɗaurewa, aka ba shi tabarma a baranda. Ni ina gefensa, ba aiki, ba abinci sai abin da Baba Saje ya rage.

Ana nan aka kawo wani yaron masunta da ƙugiya ta shige mashi cinya. Uwar ce ke riƙe da shi. Da likita ya matso sai yaro ya yi ƙara, ta saki, ya fizge. Aka sake, ta sake saki. Ban san lokacin da na tashi ba. Na janye matar, na zauna bayan yaron, na harɗe shi, na aza haɓata a kafaɗarsa. Ya yi ya yi, ya ga ba hanya, ya lafa. Aka cire ƙugiya.

Akwai wata mata mai taimakon likita, mutumiyar Saliyo, baƙa kamar mu amma shigarta ta Nasara. Mami Sara. Ita ta kama hannuna tana juya shi kamar mai taya akuya, ta yi wa Baba Saje magana.

"Ta ce za ki ci abinci sau biyu, in kina yin wannan kullum."

Haka na zama mai riƙo a asibitin Nasara, kuma nan Turancina ya fara.

Mami Sara ba ta da haƙurin koyarwa. Ta damƙe wuyan hannuna ta ce, "Hol." Ta matsa har na ji ƙashi ta ce, "Tayit." Ta buɗe yatsunta ta ce, "Lego." Ta sa na yi mata, na sake, na sake. Kashegari ta ƙara mani. In an nutsa yatsu cikin nama yadda ba zai zame ba, "girif" ke nan. In majinyaci ya zabura zai gudu aka cafke shi, "kec". In za a ja hannun da ya goce, "ful". Shi kuwa abin da mutum yake yi a ƙarƙashinka, wannan mutsu-mutsu da shure-shure da neman kuɓuta, suna ce mashi "sitiragul". Wannan ta fi ba ni wuya a baki. Mami Sara ta yi ta dariya har ta share hawaye da gefen rigarta.

Na tambayi Baba Saje, "Baba, su mutanen nan ba su da sannu a bakinsu? Ba su da ina kwana, ba su da kunu?"

"Suna da su mana. Ba aikinki ba ne shi ya sa ba a ba ki ba."

"Kai ka iya?"

"Ni Turancina na bindiga ne. Tsaya, juya, harba. Shekara da shekaru, ko matar aure ban iya nema da shi ba." Ya yi dariya da sauran haƙoransa. "'Yata, a garin nan kowa Turancin wahalarsa yake ji."

Suna da wani magani da ake ɗigawa a ƙyalle a aza wa mutum a hanci ya yi barci, a yanka shi bai sani ba. Ko da shi sai an riƙe mutum kafin barcin ya ɗauke shi. Amma jirgin ruwa ke kawo shi daga ƙasarsu, in jirgi ya makara sai kwalba ta ƙafe. A irin wannan lokaci na riƙe masunta, na riƙe sojoji, na riƙe wata tsohuwa da ta zage ni da harshe uku. Ba ni jin abin da suke cewa. Muryar likita kawai nake ji. Hol. Tayit. Lego.

Ƙafar kakanku kuwa tana ta hawa. Baƙin ya bar tafi ya kama idon sawu, ya bar idon sawu ya kama ƙwauri. Kuma sai abubuwa suka haɗu. Jirgi bai zo ba. An tashi yaƙi a cikin ƙasa, aka kwashe ƙartin asibiti suka bi sojoji da kaya. Ba wanda ya rage sai likita, da Mami Sara, da tsoho, da wani mai shara da ba ya iya ganin jini, da ni.

Da hantsi likita ya kwance ƙyallen, ya danna saman gwiwa da yatsa, ya yi magana gajeriya. Baba Saje ya tsuguna gaban kakanku.

"Malam, ya ce yau ne ko gobe. In baƙin ya haye gwiwa, ba sauran abin yankewa."

"Da ƙafa biyu Allah ya aiko ni," in ji kakanku. "Da biyu zan koma mashi."

Na ce, "Malam, yaron da muka baro a Danja bai san fuskarka ba."

"In ya san ta fa? Ya san fuskar gurgu? In shiga Danja da dungu, a ce ga wanda aka kama da sata a ƙasar wasu?"

"Su faɗa. Mai rai yana amsawa. Matacce ne ake faɗa wa magana ya yi shiru."

Ya juya fuska bango. Can ya ce, "Na ga abin da suke yi da abin da suka yanke. Mai sharan nan a ruwa yake zubawa. Ranar tashi in je ina neman ƙafata a cikin kifi?"

Ashe abin da ke cinsa ke nan tun farko.

Na ce, "Ni zan wanke ta, in yi mata likkafani, a binne ta cikin Musulmi. Baba shaida ne."

"Ni zan haƙa," in ji Baba Saje.

Kakanku ya daɗe yana kallon ƙafar. Sa'an nan ya ce, "Wa zai riƙe ni?"

Na miƙe tsaye. Ya dube ni.

"Ubanki ya hana."

"Ubana yana Danja."

Na matsa kusa da shi na rage murya. "Malam, gaya mani tun yanzu. In ka ce in sake ka fa?"

"Bakin da zai faɗi haka ba nawa ba ne. Kada ki saurare shi."

Bayan azahar aka ɗora shi a kan tebur. Aka ɗaure ƙafar mai lafiya da ɗamara, Baba Saje ya kwanta a kanta. Mami Sara ta riƙe cinyar da za a yi aiki. Ni na hau teburin na zauna bayansa, ƙirjina a gadon bayansa, na harɗe hannuwansa, haɓata a kafaɗarsa. Aka sa mashi tsumma a baki. Yana ta salati ta cikin tsumman.

Likita ya ce, "Hol."

Wuƙa ya jure. Na rantse maku ya jure, jikinsa ne kawai ke rawa kamar ganga. Da aka ɗauko zarto ne tsumman ya faɗi.

Tun da aka kai ni gidan kakanku bai taɓa kiran sunana ba. Ni ce matarsa ta fari, kunya ba ta bari. "Ke" yake cewa, in yana raha ya ce "'yar wanzami". Ranar nan ya kira shi.

"Hajara! Hajara, sake ni! Don Allah, don Annabi, don nonon da kika sha! Na fasa! Hajara, ni ne fa!"

Abin da ubana ya faɗa ya zo. Ban yi niyya ba, amma na ji yatsuna suna buɗewa da kansu, ɗaya bayan ɗaya. Kafaɗarsa ta ɗaga. Cinyar ta motsa a hannun Mami Sara, zarto ya tsaya, jini ya yi tsartuwa har rigar likita. Mami Sara ta ɗago ta zuba mani ido ta daka tsawa.

"No lego! Hol tayit!"

Sai na kama maganarta kamar mai nutsewa ya kama reshe. Ku ji abin da na gane a wannan lokaci. Hausa in ta shiga kunnena har hanta take kaiwa. Turancin nan kuwa a hannu yake tsayawa, bai san hanyar zuciyata ba, ba da shi aka yi mani rarrashi ba, ba da shi aka kira ni amarya ba. Sai na cika kaina da shi don kada Hausa ta sami wurin shiga. Na rufe ido ina faɗa da ƙarfi, kamar mai ƙirga luguden daka. Hol. Tayit. Girif. Hol. Tayit. Girif. Wanda ke hannuna ba Malam ba ne, ba uban ɗana ba ne, wani ne mai sitiragul, irin waɗanda nake riƙewa kullum. Yana kiran wata Hajara, ni kuwa ban san ta ba.

Ya cije ni a nan. Matso ka gani, mai sunan Malam. Haƙoran kakanka ne.

Daga nan jikinsa ya saki, ya suma. Na ji abu ya faɗi cikin bokiti. Likita ya yi ta ɗaure-ɗaure da ɗinki, ni dai ina nan yadda nake. Can na ji ya ce, "Lego."

Hannuna ya ƙi.

Ya sake faɗa. Ina ji, ina so, yatsun sun ƙage kamar na gawa. Sai Mami Sara ta wanke hannunta ta zagayo bayana. Ta kama ɗan yatsana ta buɗe, ta kama na kusa da shi, tana cewa a hankali, "Lego, lego," kamar mai lallashin jariri ya saki nono. Ran nan na san ashe kalmar tana da taushi in an so.

Ina saukowa na ga babu bokiti. Na fita da gudu. Mai shara ya kusa bakin ruwa, ya kau da kai yana tafe. Na cafke bokitin, ya ja, na ja. Yana ta magana da bakinsu. Na buɗe murya irin ta likita na ce, "Lego!" Ya saki kamar an ɗana mashi wuta, ya tsaya baki buɗe.

Na wanke ta da hannuna. Saƙin Maska ɗaya ya rage mana a duniya, zanen da nake rufa da shi, na raba shi biyu na naɗe ta. Baba Saje ya haƙa rami a gefen maƙabartar Musulmi, muka sa ta, ya dafa ƙasa ya yi addu'a.

Kakanku ya tashi. Zazzaɓi ya kama shi ya sake shi, dungu ya haɗe. Amma bai ƙara yi mani magana ba. In na kawo abinci ya ci, in na gaishe shi ya ɗaga kai. Da fari na ɗauka fushi ne. Baba Saje ya ce, "Ba fushi ba ne, 'yata. Kin ji kukansa. Namiji ya fi yafe wa wanda ya cuce shi a kan wanda ya ji kukansa."

Rani ya zo, madugunmu bai zo ba. Muka ƙara cin wata damina a barandar nan, ina riƙo, yana sassaƙa sandar dogarawa bai ce uffan ba. Sai rani na biyu Baba Saje ya samo mana wani ayari na mutanen Malumfashi, suka yarda in yi masu girki su kai mu. Mami Sara ta ba ni ƙyallen ɗaurin dungu da yawa. Ban san kalmar ban kwana a bakinta ba. Na kama hannunta na ce, "Hol." Ta ce, "Tayit." Muka tsaya haka har aka kira ni.

Kurmi ya ratsa shi da sanda, in ya gaji a ɗauke shi. Daga Ilori aka ɗora shi a takarkari. Duk wannan tafiya ba kalma. Sai a Kwara. Ruwa ya cika, jirgi yana tangaɗi, mai ƙafa ɗaya kuwa ba shi da abin tokarewa. Na ga ya damƙi gefen jirgi, idonsa a kan ruwa. Bai juyo ba ya ce,

"'Yar wanzami."

"Na'am, Malam."

"Riƙe ni."

Na zauna bayansa, ƙirjina a gadon bayansa. Da muka kai tsakiyar ruwa ya ce, "A hankali dai. Wancan karon sai da kika tsaga mani haƙarƙari."

To, ga yadda kowa ya ƙare. Madugunmu na fari ashe bai kai gida ba, 'yan fashi suka tare su a ƙasar Gwari, don haka na daina riƙe shi a zuciya. Fatoma na ji gobara ta cinye gidansa, ban yi murna ba, ban yi kuka ba. Likita zazzaɓi ya kashe shi tun muna can, an binne shi nesa da uwarsa kamar kowane baƙo. Mami Sara ban sake jin labarinta ba. Baba Saje mun roƙe shi ya biyo mu ya ga Musawa, ya ce wa zai gane shi, kuma wa zai kula da kabarin ƙafa. Wani falke ya gaya mana da ya rasu kusa da kabarin ƙafar aka sa shi. Ubana ya ji labari ya ce dokarsa tana nan, kada in ƙara. Ubanku ya gan mu ya ruga bayan innata, sai da na yi wata ina saye shi da ƙuli-ƙuli. Mutanen Danja sun yi maganar sata, kakanku ya amsa masu har suka gaji. Ya bar noma ya kama saƙa, ya haifi sauran iyayenku, ya ga jikoki.

Ranar da ciwon ajali ya zo mashi numfashi ya ƙi kwanciya, sai a zaune. Na hau gado na zauna bayansa kamar dā. Yana ta ce mani ranar tashi yana da doguwar tafiya, sai ya biya Ikko tukuna. Na ce zan raka shi, na san wurin. Daga nan ya yi shiru, nauyinsa ya sauko a ƙirjina. Ɗakin cike da mutane, ba wanda ya iya ce mani komai, kuma babu Mami Sara da za ta buɗe mani yatsu. Ni na faɗa wa kaina, a hankali, yadda ta faɗa.

Iyakar Turancina ke nan, mai sunan Malam. Naka ya fi yawa. Tashi ka kore akuyar nan daga kan gyaɗa.